Ƙurajen zazzaɓi a leɓe: man asiklobir bai yi min aiki ba, ina mafita?

Abban Sadik, Gwale

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan ƙurajen nan na leɓe, waɗanda muke cewa zazzaɓi ne ya feso. Shekaruna 34. Kullum wuri ɗaya suke fito min, leɓen sama ta hagu, kuma bara na ƙirga sau 7. Wani lokaci bayan maleriya ne, wani lokaci kuma lafiyata ƙalau, sai dai in na wuni a rana ko iskar hunturu ta busar min da baki. Da ɗan ƙaiƙayi da zafi-zafi suke farawa, washegari su ɗuri ruwa, su fashe, su yi ɓawo, sai an kwana 10 wurin yake komawa daidai. A kemis an ba ni man asiklobir, ina shafawa da zarar sun yi ruwa, amma ban ga wani bambanci ba. Maganin ne ba ya aiki, ko ni ne ban iya ba? Akwai wanda ake sha ya raba mutum da abin gaba ɗaya? Sannan maiɗakina na da ciki wata 8. Akwai abin tsoro gare ta ko ga jaririn?

Mai Famasi, Tarauni

Wa alaikumus salam. Malam, ba lallai maganin ne ke da laifi ba, lokacin da kake fara shi ne. Ka ce sai sun yi ruwa kake shafawa. A lokacin kuwa aikin gama ya riga ya gama.

Ba zazzaɓi ne ke fita ta baki ba, kamar yadda muka taso muna ji. Ƙwayar cuta ce ta bairas mai suna hapis, nau'i na ɗaya, wadda likitoci ke rubutawa HSV-1. Yawancinmu tun muna yara muka ɗauke ta, ta sumba ko yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum biliyan 3.7 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, wato biyu cikin uku, a Afirka kuwa abin ya fi haka. In ta shiga jiki, sai ta bi jijiyar fuska ta haura ta kwanta a wani ƙullin jijiya da ke gindin ƙoƙon kai, can za ta zauna muddin rai. Duk sanda jiki ya jigata, ko da zazzaɓi, ko ƙunar rana, ko rashin barci, ko al'ada ga mata, sai ta farka ta biyo jijiyar ta sauko. Shi ya sa kullum wuri ɗaya take fito maka, hanyar da ta sani ke nan.

Ƙaiƙayin nan da kake ji, ta iso ne ta fara hayayyafa, kuma mafi yawan hayayyafar a kwana ɗaya zuwa biyu na farko take yin ta. Shi asiklobir ba ya taɓa bairas da ke kwance a jijiya, ba ya kuma ɗinke fatar da ta riga ta fashe. Aikinsa guda ne: in bairas na kwafar kanta sai ta ɗauki maganin a zaton bulon gininta ne, tana ɗora shi ginin ya tsaya, don babu abin da ke hawa kansa. Sinadarin bairas ɗin ne ma da kansa ke fara kunna maganin, abin da ya sa bai cika damun lafiyayyun ƙwayoyin jiki ba. To in ka bari sai ruwa ya taru, gini ya riga ya kai linta.

Man shafawan da aka ba ka mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne. Sau 5 a rana ake shafa shi, awa 4 tsakani, kwana 5. In bai warke ba a iya ƙarawa zuwa kwana 10, kada a wuce. Ka wanke hannu, ka ɗiga kaɗan a kan tsinken auduga, ka dangwala a wurin, kada ka murza. In ka yi alwala ruwa ya wanke shi, ka tsane wurin ka sake dangwalawa. Amma gaskiyar magana, ko an fara shi a kan kari abin da yake ragewa bai fi rabin kwana ba, don ba ya ratsa fata sosai.

Na sha ya fi shi. Asiklobir na ƙwaya, a jikin kwali za ka ga Aciclovir ko Acyclovir, duk ɗaya ne. Ana shan miligiram 200 sau 5 a rana kwana 5, ƙwaya 25 ke nan. Wasu likitocin kan rubuta miligiram 400 sau 3 a rana, wasu har sau 5. Nan akwai kuskuren da ya yi yawa a garin nan. Mutum na jin "sau biyar" sai ya ɗaura shi a kan salloli biyar don kada ya manta. Dabara ce mai kyau, amma ba ta dace da wannan maganin ba. Daga Asuba zuwa Azahar awa 8 ne, daga Magariba zuwa Isha'i kuwa ko awa 2 ba a yi, alhali cikin awa 3 rabin maganin ya bar jini. Sai ya zamana duk safiya babu magani a jiki, da dare kuma an jibga. Ka saita ƙararrawar waya: 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare.

Wanda ya fi sauƙin sha shi ne balasiklobir, a kwali Valaciclovir, wasu sun fi sanin sa da Valtrex. Jiki ne ke mayar da shi asiklobir bayan ya shiga. Bambancin, hanji kashi 10 zuwa 20 kawai yake tsotsa na asiklobir, shi kuwa wannan sama da rabi ke shiga jini. Giram 2 ake sha da jin ƙaiƙayi, a sake shan giram 2 bayan awa 12, shi ke nan an gama. In ƙwayar mai miligiram 500 ce, 4 yanzu 4 anjima, 8 gaba ɗaya. Wannan awon na ɗan shekara 12 zuwa sama ne. Ya fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba. Akwai na uku, famsiklobir, miligiram 1,500 sha ɗaya, sai dai samunsa a Kano sai an sha yawo.

Su ma na shan ba tsafi suke yi ba. Kamar kwana ɗaya suke ragewa, zafin ya yi sauƙi, wani lokaci kuma in an yi sa'ar kamawa da wuri ƙurjin ba ya ma kaiwa ga yin ruwa. Don haka dabarar duka ita ce maganin ya riga ciwon zuwa. Ka ga likita sau ɗaya ya tabbatar hapis ce, ya rubuta maka, ka sayi na zagaye ɗaya ka ajiye a inda hannunka zai kai cikin awa guda. In ƙaiƙayi ya tashe ka da tsakar dare, a lokacin za ka sha, ba sai gari ya waye an buɗe shago ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada ka bar shi a gaban mota ko ƙarƙashin kujerar babur, zafin bazarar Kano ya wuce abin da aka yarda a ajiye magani a ciki.

Maganin da zai raba ka da ita gaba ɗaya kuwa, babu shi. Duk wanda ya ce maka yana da shi, a Facebook ne ko da lasifika a bakin kasuwa, aljihunka yake hari.

Likitar Fata, Nassarawa

Bayanin Malam mai famasi daidai ne, sai dai ni zan ɗan ja da shi a wuri ɗaya. Mai fama sau 7 a shekara ya wuce matakin jiran ƙaiƙayi kawai. Daga sau 6 zuwa sama, ko ƙasa da haka in suna zuwa da tsanani, ana iya ɗora mutum a kan maganin kullum don hana su fitowa: asiklobir miligiram 400 safe da yamma, ko balasiklobir miligiram 500 sau ɗaya a rana. Ana yin wata 6 zuwa shekara, sai a tsaya a ga yadda jiki zai yi. Yakan rage yawan fitowar da kamar rabi, ba ya kawar da ita. Bayan an daina, sau da yawa ƙurji ɗaya kan biyo baya ba da jimawa ba, wannan ba ya nufin an yi aikin banza. Sai an ga biyu ko uku a kusa da juna ake tunanin komawa.

Masu tsoron shan magani wata da watanni, asiklobir ba baƙo ba ne. Tun farkon shekarun 1980 yake kasuwa da sunan Zovirax, kuma Gertrude Elion, wadda a ɗakin bincikenta aka yi aikinsa, ta samu kyautar Nobel a 1988. Abin da aka fi gani ɗan ciwon kai ne, tashin zuciya ko sakin ciki. Inda ake taka-tsantsan shi ne ƙoda, don ta nan yake fita. In jiki ya bushe maganin na iya daskarewa a cikin ƙoda, musamman in an haɗa shi da dikulofenak ko ibufurofen da mutane ke sha kamar gyaɗa. Mai ciwon ƙoda, dattijo, da wanda ya daɗe da hawan jini ko ciwon sukari, a fara yi musu gwajin ƙoda. Giram 2 ɗin nan na balasiklobir akan sauko da shi zuwa giram 1 ko miligiram 500 gwargwadon sakamakon. In an ba tsoho maganin ya fara ruɗewa, yana sambatu ko ganin abin da babu, ba iska ba ce, maganin ne ya taru. A tsayar a kai shi asibiti.

Tunda ka gano rana da hunturu ne ke tayar maka da ita, rabin rigakafin yana hannunka. Ka nemi man leɓe mai kare zafin rana, wanda aka rubuta SPF 30 ko sama, ka shafa kafin ka fita, ka riƙa sabuntawa duk awa 2. Da hunturu basilin ya wadatar don hana tsagewa, kuma a daina lasar leɓe, yawu na bushewa ne ya ƙara tsaga shi. Na bayan zazzaɓi kuma, gidan sauro da yin gwajin maleriya da wuri su ne maganinsa. Fitowar ƙurjin ba shaida ce cewa zazzaɓi ya fita ba, kada wani ya ajiye maganin maleriya a rabi saboda ya ga baki ya feso.

Sai abubuwan da ake shafawa da ke mayar da ciwon kwana 10 ya zama na sati 3. Makilin, man zafi, tafarnuwa, lemon tsami, kanwa, toka, turare, duk ƙona wurin suke yi, kuma a fatarmu ƙuna baƙin tabo take bari na watanni, alhali hapis in an ƙyale ta ba ta cika barin tabo ba. Fasa kafso a barbaɗa garin ba shi da amfani, antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairas. Mafi muni su ne mayukan nan masu haɗi uku da ake ba kowa a kan kowane ƙurji. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, betametason ko kulobetasol, wanda ke danne garkuwar fata. Jan zai ragu kwana ɗaya ka ji daɗi, bairas kuma ta samu fili. Gaskiya ne a waje akwai man da aka haɗa asiklobir da haidurokotison mai rauni, kashi 1 cikin 100, amma wannan awo ne na masana'anta, ba a kwaikwayonsa a gida. Kada a fasa ƙurjin da allura, kada a ɓanɓare ɓawon. Don zafi, farasitamol da ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta na minti 10 sun isa.

A kuma tabbatar hapis ɗin ce. Gyambon cikin baki mai farin tsakiya da jan baki-baki, a cikin kumatu ko ƙarƙashin harshe, wani abu ne daban, ba ya yaɗuwa kuma asiklobir ba ya yi masa komai. Tsagewar kusurwar baki galibi daga yawu ne, ko ƙarancin jini, ko ƙwayar cutar naman gwari, wato fangas. Ƙuraje masu ɓawo ruwan zuma da ke yaɗuwa a fuskar yara bakteriya ce, su ne masu son antibayotik.

Ido shi ne inda nake so kowa ya ji tsoro. Hannun da ya taɓa ƙurji kada ya je ido, mata kuma a kula da tsinken kwalli. In ido ɗaya ya yi ja, yana zafi, yana hawaye, ba ya son haske, a ranar za a ga likitan ido, ko a asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, ko sashen ido na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis, da yawansu akwai sitiroyid, shi kuwa faɗaɗa gyambon hapis yake yi a baƙin ido har a rasa gani. Man asiklobir na leɓe ba a sa shi a ido, ba a sa shi cikin baki ko al'aura. Na ido daban ne, mai kashi 3 cikin 100, kuma likita ke rubuta shi. In kuma ta kama yatsa takan yi kama da ɗan karkare, amma ita ba a tsaga ta, don babu mugunya a ciki, tsagawar yaɗa ta take yi.

Ƙurjin da ya haura sati 2 bai warke ba, ko yake faɗaɗa, ko ya bazu a fuska, a je asibiti, a kuma yarda a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na sukari. Masu shan maganin ciwon daji ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ba sa jiran komai, awon maganinsu ya fi wannan yawa da tsawo.

Anti Ungozoma, Ƙofar Mazugal

Abban Sadik, tambayarka ta ƙarshe ita ce babba, don ga babba hapis ƙurji ce, ga jariri kuwa tana iya zama ajali.

Ita maiɗakin, mai yiwuwa ta daɗe da ɗauka tun yarinta ko da ba ta taɓa fesowa ba, in haka ne garkuwarta na ratsa mahaifa ta ɗan kare jaririn. Amma ba ka da tabbas. Abin gudu shi ne ta kamu karon farko a al'aura a watannin ƙarshe, don a irin wannan kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na jarirai kan ɗauka wajen fitowa. Ba kunya a maganar lafiya: hapis ta leɓe na komawa al'aura in baki ya kai wurin. Daga yanzu har ta sauka a bar wannan gaba ɗaya, ko da leɓenka lafiya lau yake, saboda bairas kan fito a yawu ba tare da ƙurji ba. In ta ga ƙuraje ko gyambo mai zafi a gabanta, ta faɗa a wurin awo a ranar, kada ta jira ranar da aka ba ta. Ana ba masu ciki asiklobir, wasu daga sati na 36 har haihuwa, in kuma akwai ƙurji lokacin naƙuda akan zaɓi tiyata.

Bayan haihuwa, sati 6 na farko su ne mafi haɗari, wato kusan kwana 40 ɗin jego. Lokacin ne kuma gida ke cika, 'yan barka, 'yan suna, jariri na yawo hannu zuwa hannu, kowa na kai masa baki. Duk mai ƙurji a leɓe, ko ɗan ƙaiƙayin farko, ko ɓawon da bai faɗi ba, kada ya sumbace shi, ko a goshi ko a hannu, don hannun baki yake komawa. Ko kaka ce, a faɗa mata da ladabi, gara ta yi fushin kwana biyu. Tauna dabino a sa wa jariri a baki, da tofin addu'a a fuskarsa, a bar wa wanda bakinsa ke lafiya. Kai kanka in ta taso maka a kwanakin, ka sha maganinka nan take, ka sa takunkumi in za ka ɗauke shi, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa shi, tawul da kofinka su zama naka kai kaɗai. Wannan ma dalili ne mai ƙarfi na ka je wurin likita tun yanzu a kan maganin kullum da Dakta ta ambata, ya zamana ka shiga watan haihuwar kana kansa. Sai dai maganin ba lasisin sumba ba ne in ƙurji ya fito.

In mai jego ce ke da ƙurjin leɓe, ta ci gaba da shayarwa, bairas ba ta bin ruwan nono, asiklobir ma bai hana shayarwa. Sai in ƙurjin a kan nonon yake, to wannan ɓangaren a tatse a zubar har ya warke.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: jariri ya ƙi kama nono, ya yi laushi yana ta barci, jiki ya yi zafi 38 ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, ido ya yi ruwan ɗorawa, jijjiga, ko 'yan ƙuraje masu ruwa a fatar kai, ido ko baki. Wasu jariran ko ƙurji ɗaya ba sa yi, don haka kada a tsaya jiran ganinsa. A wuce asibitin yara na Hasiya Bayero ko ɗakin jarirai na Malam Aminu Kano, kuma a buɗe baki a ce wa likita akwai mai ƙurjin leɓe a gida, wannan kalmar kan sa a fara magani da wuri. Nasu asiklobir ɗin ta jijiya ake ba su, miligiram 20 a kowane kilo duk awa 8, kwana 14 in fata, ido da baki kawai ta kama, kwana 21 in ta shiga ƙwaƙwalwa ko sauran jiki. Babu sirof ko man shafawa da ke maye gurbin wannan.

Abban Sadik, Gwale

Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru, musamman maganar jariri. Saura uku. Mai azumi yaya zai yi da sau biyar ɗin nan? Kuma wani abokina ya ce zuma ta fi duk waɗannan mayukan, da gaske ne? Shi kuma Sadik ɗin shekararsa 3, in ya ɗauka daga wurina yaya zan gane?

Mai Famasi, Tarauni

Amin. Sau biyar ba ya yiwuwa da azumi, kuma dunƙule su tsakanin Magariba da sahur ɓarnar magani ce. Nan balasiklobir ke da rana. In ƙaiƙayi ya fara da rana, ka dangwala man shafawa a wajen leɓe tukuna, kana shan ruwa ka sha giram 2, da sahur ka sha giram 2 na biyun. A Kano tsakanin nan awa 10 ne zuwa 11, ya yi, abin da ba a so shi ne ƙasa da awa 6. Ka cika cikinka da ruwa a daren, don babban awo ne kuma jiki a bushe yake. In kana kan na kullum babu matsala ko kaɗan: balasiklobir 500 da buɗa-baki, ko asiklobir 400 da Magariba da sahur. Hukuncin shafa mai a leɓe da rana kuwa na malamai ne.

Haka mai tafiya Umara ko Hajji wanda ya san rana na tayar masa da ita, likita kan rubuta masa asiklobir 400 sau 2 a rana, ya fara kwana ɗaya kafin shiga ranar, ya yi kamar sati. Man leɓen ya zama marar ƙamshi saboda harami.

Zuma kuma, abokinka bai yi ƙarya duka ba. A 2019 an fitar da sakamakon wani gwaji daga Niyu Zilan da aka gwada zumar asibiti da man asiklobir, aka ga kwanakin warkewa kusan ɗaya ne. Ni abin da na karanta a ciki shi ne raunin man shafawan, ba ƙarfin zumar ba. Tana hana wurin bushewa da tsagewa, ba laifi babba ya dangwala mai tsabta, amma ba ta kama ƙafar na sha. Tasu ma tacacciya ce ta asibiti, ba ta cikin jarka a bakin titi ba. Yaron da bai kai shekara ɗaya ba kuwa ba a kai masa zuma baki sam.

Likitar Fata, Nassarawa

Kamun farko a yaro ba ya kama da naka. Yawanci tsakanin wata 6 zuwa shekara 5 ne: zazzaɓi mai zafi, dasashi ya kumbura ya yi ja yana jini, ƙananan gyambuna a harshe da cikin kumatu, yawu na dalala, baki na wari, ya ƙi ci ya ƙi sha. Iyaye kan ce haƙori ne ko maleriya. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14, kuma abin da ke kwantar da yaro a asibiti bushewar jiki ce. A riƙa ba shi abu mai sanyi kaɗan-kaɗan da cokali, ruwa, kunu da ya huce, yogot, ruwan gishiri da sukari, ban da lemo mai tsami da yaji. Farasitamol gwargwadon nauyinsa rabin awa kafin abinci, ban da asfirin. In an kai shi cikin kwana 3 na farko likita na iya ba shi asiklobir na ruwa, miligiram 15 a kowane kilo sau 5 a rana kwana 7, kada sha ɗaya ya wuce 200. Ga mai kilo 14 lissafin 210 zai ba ka, sai a tsaya a 200. In ya wuni bai yi fitsari ba, ko yana da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi tun da can sai ga ƙuraje masu ruwa sun bazu a kanta, a kai shi asibiti a daren.